Ɗigon Sabulu a Akwatin Inji

"Wai wa ke shiga ɗakin nan da ruwa?"

Mai gyaran lantarki ne ya yi wa mijinta tambayar. Ita amaryar tana bayan ƙofa riƙe da tiren shayi, rana ta yi ja. Sai ta ji tiren ya yi mata nauyi.

Mijinta ma'aikacin ofis ne, amma ransa na ga wani ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe da ya ajiye a ɗakin baya. Da ya dawo aiki can yake shigewa, ya yi ta fitar da noti da maƙallan ƙofa da ba wanda ya sa shi. A jikin injin akwai baƙin akwati mai ƴan huji a sama, da abin murɗawa na ƙara gudu ko ragewa. Mako biyu ke nan injin na taɓara. A murɗa kaɗan ya zabura, a murɗa da yawa ya yi nishi ya tsaya. Mijin ya canja fiyus sau uku, ya duba gawayin da ke cikin motar injin, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da mita. Ranar da akwatin ya yi tas ya fitar da hayaƙi, sai ya kira mai gyara.

"Dubi allon wayoyin nan na cikin akwatin," in ji mai gyaran. "Ka ga farin nan kamar gishiri? Ruwa ne, kuma da sabulu. Ko wanka kake yi wa injin, ranka ya daɗe?"

Mijin bai yi dariya ba. Ya leƙo ya ƙwalla kira: "Auta!"

Auta ƙanwarsa ce, shekararta goma sha uku, ita ke share ɗakin. Ta rantse ba ta taɓa shiga da ko kofi ba. Ya mare ta. Inna, mahaifiyarsu, ta ce ya ƙara mata, yarinya sai rawar kai.

Amaryar ta ajiye tire ta koma kicin. Wata biyar da kawo ta gidan, har yau ba ta iya shanya ƙananan kayanta a igiyar tsakar gida, inda surukarta ke zama, inda abokan miji ke ratsawa. Ta lura akwatin kan daɗe da ɗumi bayan an kashe inji. Don haka da mijin ya fita sallar magariba, sai ta lallaɓa ta shimfiɗa su a kan hujin, ta kwashe kafin ya dawo. Ba kullum take matse su sosai ba.

Bayan kwana huɗu sabon allo ya iso. Mijin ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa, ya liƙa wa kowace alama, ya cire ƙonannen ya miƙa wa Auta ba tare da ya dube ta ba. "Kai shara." Ya ɗaura sabon, ya murɗa, injin ya tashi sumul.

Da magaribar ranar abin ya fara.

Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke biyo bayan kiran salla. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Inna ta fito da carbi a hannu ta tsinci ɗaya: noti ne, da zafinsa. Daga ɗakin baya kuma aka ji injin na juyawa a hankali, a hankali, alhali filoginsa na rataye a ƙusa. Magariba uku ana haka. A ta huɗu Auta na alwala ta sandare, buta ta suɓuce mata. Ta juya kai ta dubi amaryar da idon da ba nata ba, sannan ta zube.

Washegari bayan la'asar aka zo da Malam, dattijo mai sanyin murya. Ya sa aka kwantar da yarinyar a ƙofar ɗakin injin, Inna ta riƙe ƙafafu, amaryar ta riƙe kai. Ya daɗe yana karatu. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin bakin Auta ya buɗe, da muryar wata tsohuwa mai tari.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ya haɗa ki da marainiyar Allah?"

"A akwatin nan nake da ƴaƴana, don ɗumi. Ba mu taɓa kowa ba. Kullum da yamma a yi mana ruwan sabulu a ka, muka yi haƙuri. Wuta ta tashi ta ƙona min ƙarami. Sannan wannan ta ɗauki gidana ta jefa a shara."

"Aikenta aka yi."

"Na sani. Ai ba ma ita ke jiƙa mu ba. Mai jiƙa mu na nan kusa, ina jin bugun zuciyarta. In faɗa?"

Amaryar ta kau da ido. Kan Auta na kan cinyarta, da zafi kamar garwashi. Mijin ya matso. "Faɗi! Wace ce?"

Malam ya ɗaga hannu. "A'a. Ba a karɓar shaidarsu. Maƙaryata ne, su haɗa gida faɗa su tafi suna dariya." Ya juya ga yarinyar. "Ke, fita za ki yi."

"A mayar min da gidana cikin akwati."

"Ba za a mayar ba."

"To a yanka min—"

"Ko tsinke ba za a ba ki ba."

Aka yi ta ja. Daga ƙarshe ta ce a tono ƙonannen allon a ajiye mata a bushe, nesa da gida, kada kuma a ƙara tada inji da magariba. Malam ya ce wannan ba laifi. Ya ci gaba da karatu. Babban yatsan ƙafar Auta ya karkaɗa, ta yi atishawa uku, ta buɗe ido tana tambayar ina ɗankwalinta.

Da mijin ya dawo daga rakiyar Malam, ya tsuguna gaban ƙanwarsa. "Kin ji dai, an ce ƙarya suke yi. Ke ce ke nan. Amma ya wuce, na yafe."

Auta ta sunkuyar da kai. "Wataƙila garin goge-goge ne, Yaya. Ban sani ba. Ka yi haƙuri."

Amaryar ta kai ta ɗaki, ta ba ta ruwa a baki. Ta so ta faɗa mata gaskiya, ta ma fara: "Auta..."

Yarinyar ta riƙo hannunta. "Anti, duk gidan nan ke kaɗai ce ba ki zage ni ba. Allah ya saka miki."

Amaryar ta dubi hannun. Ta ji Inna a waje tana cewa Allah ya ba su suruka mai hankali.

"Amin," ta ce. "Yi barcinki."

Ta ja mata mayafi har kafaɗa, ta san ko a kabari ba mai jin wannan daga bakinta.