Kanga Huɗu

"Tumpale, wannan fa? Mene ne wannan?"

Takardar da Tumpale ta cusa a ƙarƙashin faranti kafin su tafi coci ce a hannun saurayinta Gwakisa. Saura wata biyu bikinsu, ga shi ya tono abin da take ta ɓoyo.

Gurbin karatu aka ba ta, digirin digirgir a aikin jinya, aka ce ta zaɓi ɗaya cikin biyu. Na farko na aiki ne, ta zauna nan garin Mbeya na ƙasar Tanzaniya, a ɗakin haihuwar da ta shekara tara tana unguwarzoma, tana karatu tana karɓar haihuwa. Na biyu na bincike, shekara huɗu cur a Afirka ta Kudu, daga ita sai littattafai.

Na biyun ta sa wa hannu.

"Rage murya, don Allah... Mama tana madafa."

"In rage murya? Ke da bakinki kika ce na zama gida za ki ɗauka! Shekara huɗu, Tumpale! Ni malamin lissafi ne, na san tsawon huɗu."

"Masoyi, ka tsaya ka ji..."

"In kin gaji da ni ki faɗa. Ba sai kin tsallake ƙasa uku ba kafin in gane."

Wayyo, wannan magana ta soke ta. Ita da take ƙaunarsa kamar ranta! Amma in ta yi shiru ta rasa shi. In ta yi magana Mama ta ji, matar da hawan jini ya kayar sau biyu tun rasuwar 'yarta, Yaya Subilaga, a wurin haihuwa.

Ya aje takardar ya nufi ƙofa. Gwakisa ba mai yawan fushi ba ne, amma in ya juya baya, to sai dai wani ikon Allah.

Ta cafko hannun rigarsa.

"Taɓa hannuna."

Ya taɓa. Rawa yake yi kar-kar.

"Wata bakwai ke nan haka yake yi duk na shiga ɗakin haihuwa. Tun ranar Yaya."

"Ai kowa ya ce ba laifinki ba ne..."

"Kowa bai san komai ba!" Ta yi ƙasa da murya. "Ka san yadda muke auna jini bayan haihuwa? Da zanen kanga da mace ta zo da shi. Muna shimfiɗa mata, muna ƙirgawa. In biyu suka jiƙe sharkaf, an shiga haɗari, sai a ruga da ita wurin likita. Ranar mata uku ke naƙuda, ni kaɗai ce a kansu. Duk na leƙo Yaya sai in ga kanga ɗaya, ko jiƙewar kirki bai yi ba. Na ce alhamdu, da sauƙi."

"To?"

"Mama ce ke canjawa. Da ya jiƙe sai ta zare, ta naɗe, ta cusa a jakarta, ta shimfiɗa sabo. Ka san tsofaffinmu, jinin haihuwa ba a bar wa idon baƙo. Mutuncin 'yarta take rufewa. Bayan jana'iza na buɗe jakar... Huɗu, Gwakisa. Kanga huɗu!"

Ya zauna daɓas a hannun kujera.

"Yanzu duk uwar da na gani da jaka a gefen gado sai numfashina ya ɗauke. Ba zan iya na aikin ba, wata rana zan kashe 'yar wani. Amma in na yi bincike, na gano iyaye nawa ke yin haka, aka sa shi cikin abin da ake koya wa unguwarzoma... wataƙila in samu in yi barci. Ba kai nake gudu ba, zuciyata. Wallahi ba kai ba ne."

Ƙwal! Ludayi ya faɗi a bakin ƙofa.

Mama ce tsaye da kwanon ayaba da nama, tururi na tashi. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

Idon Tumpale na kan jijiyar wuyan tsohuwar, tana jira ta ga ta sulale.

Ba ta sulale ba. Ta aje kwanon a hankali, ta goge hannu a zaninta.

"Auta."

"Na'am, Mama..."

"Da ban ɗauke su ba, da tana raye?"

Ƙarya na nan a bakin harshenta, mai taushi, irin wadda ta sha yi wa dangin marasa lafiya. Gwakisa ya matso ya riƙe hannun nan mai rawa, ya matse.

"Ban sani ba, Mama. Da dai na ruga da ita da wuri."

Tsohuwar ta rufe ido. Hawaye ya bi tamojin fuskarta.

"Haka uwata ta yi mini. Haka na yi sanda na haife ku. Ba wanda ya taɓa cewa kul." Ta juya ga Gwakisa. "Ɗana, ka aure ta ka bar ta ta tafi. Ko ba za ka iya jira ba?"

"Zan iya, Mama," ya ce.

Tumpale ta durƙusa ta rungume ƙafafun uwarta tana kuka. Mama ta dafa kanta.

"In kin zo rubutawa, kada ki ce wata mata. Ki sa sunana, yadda 'yan'uwana tsofaffi za su yarda."