Zaren Maris a Hannun Ralu

"Kada ki yanke! Mama, don Allah kada ki yanke min!"

Ralu ta ɓoye hannunta a baya, ta manne da bangon kicin, kanta a sunkuye.

Ni kuwa ina durƙushe a gabanta da almakashi.

"Ralu, 'yar albarka, dubi yadda ya ci miki fata. Wurin har ya yi ja..."

"Ban gan ta ba tukuna!"

A daidai nan wata tsattsewa ta faɗo ta ƙofar tsakar gida, ta zaga saman kanmu, ta fice. 'Yata ta runtse ido gam har sai da kukan tsuntsuwar ya yi nisa.

Na ajiye almakashin a hankali.

Zaren Maris ne, ja da fari, wanda muke ɗaura wa yara ranar ɗaya ga wata. Ranar da yaro ya ga tsattsewar farko sai ya kwance, ya rataye a reshen wardi, tsuntsuwa ta ɗauka ta kai sheƙarta. 'Yan ajin Ralu sun kwance nasu tun Maris bai ƙare ba. Yanzu Afrilu ya kusa fita, tsattsewa ta cika garinmu Skala, ga su jere a kan wayoyin lantarki, ga sheƙarsu a saman ƙofarmu, amma 'yata mai shekara shida ta ce ba ta ga ko ɗaya ba.

Kuma ba ƙarya take yi ba. Ɗaga kai ta daina.

Ta tafi makaranta tana kallon takalmanta, ta dawo tana kallon takalmanta. Shekaranjiya ta yi karo da ƙarfen fitila a bakin ruwa, ga ƙulun nan a goshinta.

Mahaifiyata, wadda tun haihuwar Ralu kowa yake ce wa Kaka har ni, ta juyo daga gaban kaskon kifi.

"Riƙe min ita na yanke, magana ta ƙare."

"Kaka, bar ta."

"Na bar ta ta fasa kai? Duk aikin mai kallon saman nan ne! Tun farko sai da na faɗa miki, Mirsini."

Mai kallon sama shi ne Ignatis.

Baƙo ne a tsibirinmu, daga birnin Volos ya zo. Shi yake yawo da Turawan da suke sauka kowace bazara don ganin tsuntsayen da suke haurowa daga Afirka. Da rana tsaka yakan kawo su ɗan gidan abincinmu, su ci kifin sardin su yi ta buɗe littattafai suna musu a kan launin ƙafar tsuntsu. Shi kuma ya shigo kicin ya taya ni kwasar faranti, ba wanda ya sa shi.

Ba shi da yawan magana. Amma in ya kalle ni ya ce, "Kin ci abinci kuwa, haskena?" sai na rasa inda na ajiye cokali.

Ranar da nake murza zaren Ralu yana zaune. Ta kafe sai an yi masa nasa.

Kaka ta taɓe baki. "Ƙato da gemu da zaren yara?"

Ya miƙa hannu yana dariya, Ralu ta ɗaura masa da kanta.

"Tsattsewar farko tare za mu gan ta, gimbiya. Kada ki riga ni fa!"

"Na yi alkawari."

Shi da wasa ya faɗa. Ita ba da wasa ta amsa ba.

Bayan 'yan kwanaki na haɗu da Asimina a gidan burodi, 'yar mai otal ɗin da baƙinsa suke kwana. Ta daɗe tana kai masa kofi har mota, garin nan ba wanda bai sani ba.

"Ayya Mirsini, za ki yi kewa," ta ce tana zaɓar burodi. "Ai Ignatis ya karɓi aiki a arewa, can bakin kogin Evros. Tsuntsaye na gama wucewa zai bi su. Ni ma ina tunanin leƙa wajen, an ce akwai iska mai daɗi."

Na biya kuɗina na fito.

Uban Ralu ma haka ya zo. Aikin otal ya kawo shi wata bazara, sanyi na shigowa ya hau jirgin ruwa, ita tana cikina. Ni na san yadda ake jiran mutumin da ba zai dawo ba, na iya. Amma ba zan koya wa 'yata ba.

Da yamma na tare Ignatis a bayan gidan abincinmu.

"Gaskiya ne an kira ka Evros?"

"An kira ni."

"Me ka ce musu?"

Ya ɗan yi shiru. "Ban ba su amsa ba tukuna. Mirsini, bari na yi miki bayani..."

"Shirun nan ya ishe ni bayani. Ralu ta fara ajiye maka kujera a tebur. Kada ka ƙara zuwa, Ignatis. Gara ta yi kuka yanzu."

"Haskena..."

"Don Allah."

Bai sake zuwa ba. Baƙinsa ma suka koma cin abinci a otal.

Na yi zaton mako ɗaya Ralu za ta manta. Sai ga tsattsewa ta iso, 'yata ta sunkuyar da kai.

Ranar almakashin nan, bayan na shafa mata man zaitun a hannu, na zauna na yi lissafin da kowace uwa za ta yi. In na yanke da ƙarfi, fata za ta warke, yarinyar kuwa za ta riƙe cewa alkawari abu ne da manya suke yankewa da almakashi. In na bari, wata ran mota ce za ta taho ba fitila ba.

"Gobe da sassafe za mu je kududdufan gishiri," na ce. Can Ignatis yake kai baƙinsa kallon tsuntsaye.

Kaka ta dafe ƙirji. "Da ƙafarki za ki je masa?"

"Alkawarin zan je a cika mata. Su ga tsuntsuwa, ta kwance zare, mu dawo. Shi ke nan."

"Hmm," in ji Kaka. Ta juya kifinta da ƙarfi har mai ya fantsalo.

Gari ya waye ba iska. Ruwan kududdufan ya kwanta luf, dogayen tsuntsayen nan masu ruwan hoda suna tsaye a ciki da kawunansu a ƙasa, balbelu na takawa a gefe. Turawa sun jeru a bakin hanya da madubansu na hangen nesa, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar a coci.

Ina riƙe da hannun Ralu, ita tana bin tsakuwa da ido.

Asimina ce ta fara ganinmu. Tana jingine da motar otal da butar kofi.

"A'a! Mirsini, yau kifin ya soya kansa ne? Aiki yake yi fa, baƙin nan ba sa son hayaniyar yara."

"Ba wajenki na zo ba."

Ignatis ya ji muryata. Ya juyo, madubin ya sulluɓe daga hannunsa ya tsaya a igiyar wuyansa.

Ya rame.

Na kawar da ido, na faɗi abin da na haddace a hanya.

"Ka yi mata alkawarin tsattsewar farko. Tun da suka iso ba ta ɗaga kai ba. Ka zo ku gani tare, sai mu tafi, ba za mu ɓata maka aiki ba."

Ya dubi ƙulun goshinta, ya dubi hannunta. Sai ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Gimbiya..."

"Ban riga ka ba," in ji Ralu, tana magana da takalmansa. "Ko ɗaya ban gani ba. Ta shigo kicin ma na rufe ido."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya kawo hannun daidai inda idonta yake.

Zaren yana nan. Farin ya koma ruwan ƙasa, jan ya koɗe, amma ƙullin Ralu ne, na gane shi, ƙullin nan uku a kan juna.

"Kai ma ba ka gani ba?"

"Ni aikina kallon sama ne, sun yi ta giftawa ta gabana. Amma ban lissafa su ba. Ba kya nan."

Wata tsohuwar Baturiya mai farar hula, wadda ta ɗan iya yarenmu, ta matso tana dogara sanda.

"To, yanzu na gane! Kowane tsuntsu sai ya faɗa mana sunansa da na kakansa. Amma da na nuna waɗancan na kan waya, sai ya hau ɗaure takalmi!"

Sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Kin shirya?" ya tambayi Ralu.

"Ka riƙe hannuna."

Ya riƙe. Ɗayan hannun yana nawa.

A hankali, kamar mai tsoron wuyanta zai karye, 'yata ta ɗaga kai.

Suna nan birjik. Wasu a kan waya, wasu suna sauka su taɓa ruwa da ƙirji su tashi, wasu kuma can sama suna ta shigowa daga wajen teku, a gajiye, ba su ko tsaya ba.

Ralu ta buɗe baki. Rana ta sauka a fuskarta, fuskar da na yi makonni ina leƙawa ta ƙasa.

"Mama... wacce ce ta farkon?"

"Wadda kika zaɓa, 'yar lelena."

"Waccan! Mai jan wuya!"

Ta saki hannuwanmu ta ruga gindin wayar tana tsalle, Baturiyar na biye da ita.

Na share idona da gefen gyale. "Na gode. Za mu tafi."

"Tsaya, Mirsini. Wancan karon ba ki bar ni na ƙarasa ba."

"Za ka tafi Evros. Me ya rage?"

"Wa ya ce miki?"

Na dubi Asimina. Ta shiga zuba kofi a kofin da yake cike.

Ya girgiza kai. "Ranar da kika tambaye ni ina jiran amsar masu gishirin nan ne, ko za su ɗauke ni aikin shekara. Ban so na ce miki na zauna alhali ban san da me zan riƙe ku ba. Da suka amsa na ce wa mutanen Evros su nemi wani. Na zo har ƙofarku na faɗa miki."

"Ka zo?"

"Kaka ta tare ni da tsintsiya. Ta ce kin ce ko sunana ba kya son ji."

Na rufe fuska da tafin hannu. Kaka!

"Ba ni da wani abin kirki, haskena. Aikin gishiri, da baƙin nan in bazara ta zo, da tsohuwar gonar zaitun da na fara sassabewa a hanyar Parakila. Sai ta shekara uku kafin ta yi 'ya'yan arziki. Ina so ki ga ranar."

"Ignatis, ni ba ni kaɗai ba ce. In ka tafi, ba zuciyata kawai za ka ɗauka ba. Ka ga abin da wasa ɗaya ya yi mata."

"Na gani." Muryarsa ta yi rauni. "Ba zan ƙara yi mata maganar da ban auna ba. Ke ma haka."

Ban ce e ba. Amma da ya kai baƙinsa mota, na ce masa kifin rana yana nan in suna so.

Kaka tana tsakar gida lokacin da muka shigo mu uku. Ta dubi Ralu da take tafe tana kallon sama, ta dube shi, ta dube ni.

"Kaka, kin kore shi ba ki faɗa min ba."

"Na kore shi, kuma da tsintsiyar na kusa da yanzu ma na ƙara." Ta nuna shi da cokali. "Kai, mai kallon sama. Na taɓa ba da 'yata ga ɗan bazara, na ga yadda ta ƙare. Kowa ya iya zama a tsibirin nan lokacin furanni. Bari tsuntsayenka su gama, su koma inda suka fito, a rufe otal, ruwa ya fara zuba. In na leƙa na gan ka, sai ka zo da maganarka."

"Na yarda, Kaka."

"Ban zama kakarka ba tukuna! Je ka wanke hannu, kifi na hucewa."

Ralu ta ja shi gindin wardin Kaka. Da ƙyar ƙullin ya kwance, sai da ya sa haƙori. Suka rataye zaren biyu a reshe ɗaya.

Lokacin furanni ya wuce. Baƙi suka tafi, Asimina ta daina gaishe ni, ni kuma ban rasa barci ba. Zafi ya zo, Ignatis ya yi baƙi a aikin gishiri, leɓunansa suka tsattsage. Ban hana kaina tsoro ba. Duk jirgin da ya yi kuka a tasha sai gabana ya faɗi.

Wata safiya a watan Oktoba na fito shanya, na ga wayoyin lantarki fayau. Sheƙar saman ƙofarmu shiru. Ruwan farko ya fara yayyafi.

Kaka ta fito bayana da mayafinta, ta buɗe ƙofar gida, ta leƙa titi.

Ignatis yana tsaye a ƙarƙashin fitila da rigarsa ta zuwa coci, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ralu!" ta ƙwala kira. "Ɗauko kujerar nan da kike ɓoyewa a bayan ƙofa. Kai kuma shigo, kada mura ta kashe min kai kafin biki."