Tsarabar da Baba Tanimu Ya Ɗauko a Kabari

Ku matso. Ke Asabe, rage fitilar nan. Kun dame ni da tambayar abin da ke cikin ƙullin da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. To ku ji, amma kada wani ya ce in raka shi banɗaki.

Ina jaririya ina shan nono, babana, Baba Tanimu, ya tafi ci-rani Libiya. Ya samu aikin lebura wajen masu haƙar kayan tarihi, a kufan wani gari da Girkawan dā suka gina kusa da teku. Tukwane suke tonowa, jajaye, masu zanen baƙaƙen mutane. Kowane mutum a zanen gefe ya bayar, ido ɗaya kake gani.

Wata rana Baba ya tono kabarin jaririya. Kusa da ƙasusuwan ga wata 'yar butar yumɓu mai ɗan hanci, ba ta fi lemon tsami ba. Malamin da ke kula da aikin ya ce da irinta ake ba jarirai nono. Ya juya gindinta, ya karanta sunan da aka karce a wurin: Melita.

Kun dai san Baba. Ko kasuwar ƙauye ya je, ba ya dawowa hannu rabbana. Ga tafiya gida ta matso, ga 'yarsa babu tsaraba. Ya ce a ransa mai ita ai ta daɗe da ƙoshi. Ya faki ido ya jefa butar a aljihu.

Washegari da rana tsaka kowa ya fake a inuwa. Baba ya bi 'yar hanyar da ta ratsa kaburburan dutse, shi kaɗai, zai ɗebo ruwan alwala.

Sai ga mace a tsaye.

Baƙa ce, amma ba irin baƙinmu ba, irin na jikin tukwanen nan. Gefe ta ba shi. Ya yi sallama, shiru. Ya kewaya ta gabanta, ya tarar da gefen nan dai, da idon nan ɗaya. Ya dubi ƙasa. Ƙafafunta shafal kamar an zana su, kuma babu sawu ko ɗaya a bayanta.

"Tana kuka," in ji matar.

Da Hausa. Da muryar Innata.

"Wa?" in ji Baba.

"Melita. Tun jiya ba ta sha ba. Taka ma haka."

Baba ya ce tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba. Ya kama Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi.

"Kai wa 'yar taka butar," in ji ta. "Sai in zo in ɗauke yarinyar, su riƙa sha tare da Melita."

Ya sa hannu a aljihu. Butar a jiƙe, da ɗumi, tana ƙamshin nono. Ya miƙa mata.

"Mai da ta inda ka ɗauka," in ji ta.

Da rarrafe ya shiga ramin. Yana jin ta a bayansa, amma babu numfashi. Ya ajiye butar a gurbinta. Sai ya ji tsotso, a hankali, irin na yaron da ya gaji da kuka.

Da ya fito babu kowa. A aljihunsa kuwa ga wani ɗan ƙashin idon sawun rago, ya sha hannu har yana sheƙi, irin wanda yaran Girkawan ke wasa da shi. Ya wurga shi teku. Yana isowa Agadas ya tarar da shi a jaka.

A gida Inna ta ba shi labari. A ranar da ya ɗauki butar na ƙi nono, na ƙi ruwa, har an fara fid da rai. Washegari da rana tsaka na kama nono.

Ƙashin ne a ƙullin. Wani lokaci idan na taɓa shi, nakan ji ɗumin tafin hannun yaro.

Saboda haka kada ku ratsa kufai ku kaɗai da rana tsaka. In kun ga abu a ƙasa, ku bar shi, da mai shi. Asabe, cire hannunki daga akwatin nan.