Awon Inna Kande

Ƙarfe tara na safe allon bangon ofis ya yi ƙara, Rumfar Awo ta ƙauyen Kukar Gesa ta turo sakamakon mako. Injiniya Ladidi ta ɗaga kai a ofishinta da ke hawa na arba'in a Sabuwar Haɗeja, ta nemi layin mahaifiyarta. Shekara biyu layin nan kore shar yake fitowa, alamar lafiya lau, shi ya sa ba ta ga dalilin zuwa gida ba. Yau kuwa da ƙarin bayani: Kande Garba, shekara saba'in da huɗu, tana da cikin wata uku.

Ladidi ta yi dariya, sai kuma ta daina.

Rumfar ƙirarta ce. Mutum ya shiga ya saka katinsa, kujera ta auna jini da numfashi da bugun zuciya, likitan birni ya karanta. Da farko matan ƙauye sun ce ba mai shiga akwatin da ido ke kallonsa, sai Ladidi ta cire kyamarar da hannunta. Mata suka yi ta tururuwa, ita kuma ta sha tafi a taro. Ba wanda ya tambayi wa ke zama a kujerar.

Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta kira Uwani, matar ƙaninta.

"Uwani, wa yake kai Inna rumfa?"

"Yaya, ai aikena take yi. In shiga da katinta, in faɗa wa na'urar abin da ke damunta, kamar yadda ake yi a kemis."

"To me ke damunta?"

"Ƙafafu ne. Tun damina suke kumbure. Na faɗa, wallahi na faɗa, sai na'urar ta ce komai lafiya."

Tsoro ya kama Ladidi: ashe jikin Uwani ake ta aunawa, cikin ma nata ne. Na'urar ta fi yarda da abin da ta auna a kan abin da aka gaya mata, haka Ladidi ta tsara ta.

Jirgin ƙasa mai maganaɗisu kan kai mutum ƙauyen cikin minti hamsin, amma ranar gani ta yi kamar rarrafe yake. Ta iske Inna a tabarma, fuska ta cika, ƙafafu kamar turmi. Ta manna mata ma'aunin hannu. Likitan birni ya karanta awon daga can, sannan ya ce ƙodar ta riga ta gaji, da wata shida baya ne da an yi wani abu.

"Inna, me ya sa ba ki kira ni ba?"

"An ce kina ganina kullum a allo. Na ce to, tana sane, aiki ne ya riƙe ta."

Tsohuwar ta miƙo hannu da ƙyar ta shafa kuncin Ladidi.

"Kin rame, 'yar nan. Ke wa yake duba ki a can?"