Injin da Ba Ya Buƙatar Bakanike

Abinci Rahmat ta kai wa mahaifinta a injin casar shinkafa na Zabarmari, ta tarar da baƙo tsugune gaban wani farin akwati mai girman firij.

"Wannan me ne?" ta tambaya.

"Ƙaramin injin wuta ne, tobin ake ce masa, da iskar gas yake ba da wuta," in ji Taufiq, injiniyan da kamfani ya turo daga Kano. "Ba baƙin hayaƙi, zafinsa ma shi zai riƙa busar da shinkafa."

Bayanin minti biyu sai da ya kai shi rabin awa. Ita kuwa ba injin take kallo ba.

Soyayya ta yi nisa kafin bakin Taufiq ya jawo masa. Ranar da aka kunna injin, murna ta ɗebe shi ya ce, "Wannan ba ya buƙatar bakanike!" A gaban Malam Ya'akubu, mahaifin Rahmat, wanda ya shekara ashirin yana jinyar tsohon janaretan dizal ɗin wurin. A makon aka sallami dattijon.

Da manyan Taufiq suka je gidan su Rahmat a unguwar Wulari neman aure, Malam Ya'akubu ya ce, "Ku gaya masa ni bakanike ne. Wanda ba ya buƙatata me zai yi da 'yata?"

Sai kuma kamfani ya tura Taufiq Fatakwal, wata shida. Rahmat ta rame, waya ta zame mata abinci.

"Rahamata, yau ma na ɗaga ido a wurin aiki ina neman mai kwanon abinci," in ji Taufiq a waya.

"Injiniyana, Baba ya fara yi min zancen Garzali ɗan ƙaninsa. Kewarka kamar ta kashe ni."

A wata na huɗu injin ya fara shaƙewa yana mutuwa. Taufiq ya duba ta kwamfuta daga can, ya kasa gano matsalar. Mai wurin ya ce a zo a kwashe.

Rahmat ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ko kallonsa ka je ka yi."

"Kin manta ba ya buƙatata?"

Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan iri ɗaya ne. Kwana uku tana nan a kan bakanta, a na huɗu ya ɗauki hularsa.

Ya kafa sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya daɗe. Sannan ya zaro matatar iska, ƙaiƙayin shinkafa ya cika ta maƙil. Littafin injin ya ce a wanke ta duk wata shida, wanda ya rubuta bai taɓa tsayawa a wurin casa ba.

Da labarin gyaran ya isa wurin Taufiq, sai ya kira. "Baba, na yi kuskure. Ku yafe min."

Dattijon ya ce, "Injinka yana da kyau, numfashinsa ne ba ku sani ba. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Malam Ya'akubu ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Ita ma ba ta faɗar ciwonta, sai ka kasa kunne. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Daga cikin gida Rahmat ta ji guɗa ta tashi, ta rufe fuska da lafayarta ta yi kukan da ta yi wata shida tana riƙewa.