Masu Jiran Jirgin Ƙaura

An idar da sallar magariba a Jega, A'i na tsugune tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin girki. Ta ɗaga kai, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Kafin ta buɗe baki wani ya faɗo, wani ya biyo shi, har suka riƙa zuba kamar ƙanƙara. Sai kuma komai ya yi tsit. Ko kajin da ke shiga akurki sun daina motsi.

Mijinta Shamsuddeen ya shigo daga masallaci da carbi a hannu. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, ya juya shi a tafin hannunsa. Baƙar tsakuwa ce mai kaifi, irin wadda ake zubawa ƙarƙashin layin dogo. A duk ƙasar Jega babu layin dogo, kuma babu wanda ya fi shi sanin haka.

Shamsuddeen ɗan kasuwar albasa ne, yana saye a Aliero yana kaiwa garuruwa. Amma abin da ke ransa tun yana yaro jirgin ƙasa ne. Wayarsa cike take da hotunan taragai, abokansa na kasuwa har Direban Jirgi suke ce masa. Makon da ya wuce ya kai kaya Gusau, da ya gama ciniki sai ya tafi ganin tsohuwar tashar jirgi. Ya same ta shiru, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, fenti ya ɓare a bango, awaki na kwance inda fasinjoji ke zama a da. Ya yi ta zagaye yana ɗaukar hoto har rana ta yi ja. Da zai tafi, daɗi ya ɗebe shi, ya tsaya bakin dandamalin da ba kowa, ya sa yatsu a baki ya yi fito, ya ɗaga murya ya ce, "Masu Ƙaura Namoda, a shiga, jirgi zai tashi!" Ya yi dariya shi kaɗai, ya shiga motarsa ya kamo hanyar gida.

Yana riƙe da tsakuwar nan ya ji A'i na kiran 'yarsu. Umaima budurwa ce mai fara'a, tana ajin ƙarshe a sakandare. Suka same ta a zaure, ta ɗaure tufafinta cikin zane, ta ɗora ƙunshin a cinya, ta zauna tana kallon ƙofa.

"Umaima, mi kike yi nan?" in ji uwar.

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Jirgi bai iso ba?"

Muryar ba tata ba ce. Muryar tsohuwa ce, mai kauri, mai gajiya.

Daga ranar nan gidan ya canza. Da safe Umaima takan yi barci kamar gawa, ba ci ba sha sai ɗan ruwan da uwarta ke ɗura mata. La'asar na yi sai ta tashi, ta ɗauki ƙunshinta ta koma zaure. Da magariba duwatsu su zubo, a ji fito mai tsawo daga bayan gida, a ji kamar mutane da yawa na gyara zama a cikin zauren, ana tari, ana rarrashin jariri. In an haska fitila, Umaima kaɗai za a gani. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Shamsuddeen bai gaya wa kowa abin da ya yi a tasha ba, don shi kansa bai yarda wasan baki zai jawo wannan ba. Sai wata magariba da ya zo wucewa ta zaure, yarinyar ta kama bakin rigarsa da ƙarfin da ba nata ba, ta ce, "Kai ne ka kira mu. Yaushe za mu tashi?" Ya zame rigarsa daga hannunta. Ya shiga ya faɗa wa A'i duka. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Baban Umaima, gobe ka tahi Andarai ka ɗauko Malam Mamuda. Ɗiyata na ƙarewa."

Malam Mamuda dattijo ne siriri, mai yin magana ƙasa-ƙasa, an san shi da ruƙiya har Maiyama da kewaye. Ya iso da la'asar sakaliya, ya ƙi abinci, ya nemi ruwan alwala da garwashi. Ya shimfiɗa buzunsa a zaure gaban yarinyar, ya sa A'i ta riƙe mata kafaɗu, ya zuba habbatussauda a wuta, ya fara karatu. Rana na faɗuwa duwatsu suka fara zuba, yau kam har kwano na lotsawa. Malam bai ɗaga kai ba. Karatu ya yi nisa, jikin Umaima ya ɗauki rawa, ta saki wata ƙara da ta sa Shamsuddeen toshe kunne.

"Ya isa, Malam, kana ƙona mu!"

"Wa ke magana?"

"Ni ce uwar tafiya. Mu da yawa ne, da tsofaffi da goyo."

"Musulmi ne ku?"

"Musulmi ne."

"To mi ya kawo Musulmi gidan Musulmi da jifa? Mi yarinyar ga ta yi muku?"

Muryar ta yi ajiyar zuciya. Ta ce danginsu na Ƙaura, kuma tun zamanin da suna bin jirgi, su zauna a taragon baya ba su taɓa kowa ba. Wata rana suka zo tashar Gusau, jirgi bai zo ba. Suka zauna jira. Aka daina sayar da tikiti, ciyawa ta fito, suna nan zaune, don irinsu ba sa barin wurin jira sai an kira su. "Sai wannan ya zo ya kira mu da bakinsa. Muka shiga motarsa da murna. Ya kawo mu garin da ko ƙarfen jirgi babu. Yaudara ce wannan ko ba yaudara ba?"

Malam ya dubi Shamsuddeen. Shamsuddeen ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan rigarsa.

"Bai san da ku ba," in ji Malam. "Ku fita ku tahi."

"Ba mu san hanya ba sai ta jirgi. A kai mu Ƙaura. Yarinyar za ta zauna gaba, ni ina cikinta. In mun isa, in na ga dama in sake ta."

A'i ta ƙanƙame 'yarta ta fashe da kuka. Malam ya ƙara garwashi, ya ce, "Yarinya ba ta taka ko bakin ƙofa. In kin ƙi, in ci gaba da karatu har ku ƙone, ke da goyon naku." Ya buɗe baki zai fara.

"Tsaya! To in babu yarinyar, wa zai riƙe mu a hanya?" in ji muryar.

Kowa ya san halin da hanyar Ƙaura ke ciki, saboda 'yan bindiga mutane ba sa bin ta sai dole. Shamsuddeen ya matso ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Ni na kira ku, uwar tafiya. Ni zan kai ku. Ku bar min ɗiyata, ku shiga mota tun yanzu."

Idanun yarinyar suka tsaya a kansa, jajaye, ba ƙiftawa. "Ba za ka waiwaya ba. Ba za ka ɗauki kowa ba. In ka sauke mu a wani wuri, za mu dawo, kuma ba zaure za mu zauna ba."

Malam ya sa ta rantse da Allah cewa in an kai su ba za su ƙara waiwayar gidan ba. Ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Yatsan ya karkaɗa, Umaima ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. A waje suka ji ƙofofin motar na buɗewa ɗaya bayan ɗaya, suna rufewa.

Da asuba Shamsuddeen ya kama hanya. Bai kunna rediyo ba. Tun daga Jega yake jin numfashi a bayan wuyansa, wani lokaci a yi tari, wani lokaci jariri ya yi ɗan kuka a rarrashe shi. Ya karkatar da madubin cikin motar don kada idonsa ya kai baya. A shingen hanya wani jami'i ya leƙa motar, ya ga ba kowa, ya ce ya rage masa hanya zuwa gaba kaɗan. Shamsuddeen ya yi ta ba shi haƙuri har mutumin ya gaji ya ɗaga masa hannu. Bayan Gusau hanya ta yi fayau, ba mota ba babur, daji ta ko'ina. Bakinsa bai huta da addu'a ba.

Rana ta karkata ya isa tsohuwar tashar Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare. Ya tsaya, ya fito, ya buɗe ƙofofin duka yana kallon ƙasa.

"An iso Ƙaura," ya ce. "A sauka lafiya."

Motar ta yi ƙara, ta ɗago kamar an sauke mata buhuna. Iska mai sanyi ta wuce ta gefensa, ciyawar bakin dandamali ta kwanta, ta miƙe. Ya ciro waya ya kira gida.

Ba A'i ce ta ɗauka ba.

"Baba, ina kake?" in ji Umaima, da muryarta, bakinta cike da abinci. "Inna ta hana ni ƙarin tuwo, wai sai ka dawo."

Shamsuddeen ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar mota yana hamdala.