Bangon Da Ba A Buga Wa Ƙusa

Heilala na tsaye a kan kujera tana rataya labule, mijinta Kelepi yana riƙe da ƙafar kujerar, ya ɗaga kai yana kallon matarsa maimakon aikin.

"Ya miƙe?" ta tambaya.

"Kin yi kyau."

"Labulen nake tambaya, bawan Allah!"

"Oho, shi ma ba laifi."

Gidan haya ne a hawa na biyu a Blacktown, wata unguwa a ƙasar Turawa, nesa da ƙasarsu Tonga, ciki da falo, kicin ɗin kuwa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a buɗe firij. Tun ranar da mai gidan ya miƙa musu makulli ya kafa sharaɗi: ba buga ƙusa, ba fenti. Bango fari fat kamar na asibiti. Ita tana kula da tsofaffi, shi yana lodi a sito, abin da suke samu na rufin asiri ne kawai.

Amma hannun yarinyar nan da albarka yake. Labulen da zanin gado ruwan ɗorawa ta ɗinka shi. Fitila a gwanjo ta samo, ta yi mata hula da ragowar tsohuwar tabarma, in an kunna sai haske ya riƙa tsiyaya ta ƙofofin saƙar. Tebur kuwa a bakin titi suka tsince shi ranar da unguwa ke fitar da tsofaffin kaya, ta goge shi ta shafe da man kwakwa har jikin katakon ya fito. Ta dasa gwaza a gwangwanayen nama ta jera a taga. Sai madubi dogo, wanda ta fi so cikin kayan duka. Da yake ba damar kafa shi, ta jingina shi da bango yana fuskantar taga, falon ya koma kamar biyu.

Ranar Lahadi bayan coci Gwaggo Vika ta zo ganin gida. Yayar mahaifin Kelepi ce, kuma duk ɗan Tonga ya san matsayin gwaggo: ba a yi mata musu, ba a zama sama da ita, abin da ta yaba a gidan ɗan ƙaninta ya zama nata. Ta ci doya da naman da aka dafa cikin ganyen gwaza, ta sha ruwa, sannan ta tsura wa taga ido.

"Kai, wannan labule! Kamar rana ta shigo ta zauna."

Heilala ta yi murmushin dole. "Naki ne, Gwaggo."

Ba a ɗaukar kaya ranar Lahadi, don haka sai Litinin Kelepi ya kai mata. Heilala ta ɗinka wani da zanin da bai kai na farko ba. Zuwan Gwaggo na biyu fitila ta tafi. Na uku tebur ya bi ta, suka koma cin abinci a kan kwali.

"Kele, gida muke haɗawa ko shago muka buɗe wa Gwaggo?" Heilala ta ce, idonta ya kawo ruwa.

"Yi haƙuri, Lala. Ko mu riƙa tura kayan ƙarƙashin gado ranar Asabar?"

"In ɓoye kayana a gidana kamar ɓarauniya? Haba! Ni ma 'yar Tonga ce, ba sai ka karanta mini al'ada ba. Amma kai ko sau ɗaya ba ka taɓa buɗe baki ka ce, Gwaggo, matata ta sha wahala a kan abin nan ba."

"Gwaggo ce fa!"

"Ni kuma wace ce? To ka ji da kyau. Ranar da madubin nan ya fita ta ƙofar nan, ni ma na fita. Gidan mamata ba nisa."

Lahadin da ta biyo baya, Gwaggo ta tashi tafiya, ta tsaya gaban madubin tana gyara tabarmar da ta ɗaura a ƙugu, irin shigar mutanen Tonga. Ta daɗe a tsaye, ba fuskarta take kallo ba, tagar da ke cikin madubin take kallo.

"Ikon Allah! Ɗaki ɗaya ya zama biyu. Wannan madubi ya yi."

Kelepi ya dubi matarsa, ya dubi gwaggonsa, ya sunkuyar da kai. "Zan kawo miki ranar Asabar, Gwaggo."

Satin nan ba a yi dariya a gidan ba. Ranar Asabar da safe, cikin sanyin Yuli, watan hunturun ƙasar, Kelepi ya naɗe madubin da bargo ya sa a mota. Da ya juyo sai ga Heilala da jakar kayanta.

"Zan riƙe shi kada ya fashe a hanya," ta ce. "In mun sauke, ka wuce da ni gida."

Sau biyu motar tana mutuwa a hannunsa kafin su fita layi.

Gwaggo a gidan ɗanta take zaune tun rasuwar mijinta. Heilala ta sha zuwa gidan, amma kullum a falo take gaishe ta. Yau da suka ɗauko madubin sai ta ga Kelepi ya bar ƙofar gida ya bi ta gefe, ya ƙwanƙwasa ƙofar gareji.

Jikoki sun cika ɗakuna, tsohuwa ta koma nan. Siminti tsirara, sanyi yana huda tafin ƙafa. Gado a gefe, kusa da injin yankan ciyawa. Ga labulen ruwan ɗorawa an ɗaure shi da waya a jikin ƙofar ƙarfe, bai kai ƙasa ba, iska na shigowa ta ƙarƙashinsa. Ga fitilar a kan bokitin fenti. Ga teburin, da hoton marigayi a kai, har da gwangwanin nama da aka dasa wa gwaza, ta yi yaushi don babu rana. Komai an ajiye shi daidai yadda yake a falon Heilala: fitila a dama, tebur a hagu.

Gwaggo ta ga inda idonta ke bi. Matar da ba a yi wa musu ta kawar da kai kamar yarinya.

"Na yi ta gwadawa, 'yata, ya ƙi ya yi kamar naki. Na ɗauka a jikin kayan abin yake. Na ce ƙila madubin ne ya rage."

Heilala ta juya ga mijinta, murya ƙasa ƙasa. "Ka san nan take kwana?"

"Na sani. Kunyar ɗan'uwana, ɗan Gwaggo, ce ta hana ni faɗa miki."

"Kunya! Ka gwammace ka rasa mata da ka faɗi gaskiya?" Ta share ido da bayan hannu, ta tuɓe rigar sanyinta. "Fitar da injin nan. Ka karɓo mini tsintsiya, ka tambayi matar gidan ko da tsohon kafet."

Har la'asar suna aiki. Ta juya gadon ya bar bakin ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da naɗaɗɗen bargo. Ta gano wata 'yar taga da kwalaye suka rufe, ta wanke ta, ta mai da labulen can, ta jingina madubin yana kallonta. Haske ya cika garejin. Ɗan Gwaggo ya leƙo, ya fita, sai ga shi da hitar da ke ɗumama ɗakinsa a hannu.

Gwaggo ta zauna bakin gado tana kallo. Can ta ce, "Kelepi, ɗaga katifar nan."

A ƙarƙashi, inda mata ke adana dukiyarsu, tabarmi ne jere, a ƙasansu kuma ngatu, zanen ɓawon itacen da mahaifiyarta ta buga ta zana da hannunta a tsibirinsu na Vava'u. Launin ƙasa da baƙi, har yanzu yana ƙamshin hayaƙi.

"Gwaggo, ai wannan kika ajiye don ranar da za a naɗe ki a kai ki kabari!" Kelepi ya ce.

"Yaushe ka fara yi mini musu? Ƙasa ba ta da ido. Yarinyar nan ta san inda ake ajiye abu ya yi kyau, ita zan ba."

Heilala ta durƙusa ta kifa kai a cinyar tsohuwar, suka yi kuka tare.

Da suka shiga mota Kelepi ya riƙe sitiyari, ya tambaya a hankali, "Ina muka nufa?"

"Ina ka ga za mu da wannan uban zane? Bangon mamata duk kalanda ne."

Ba su buga ƙusa ba. Gora suka samo mai tsawon bangon, suka ɗora ta a kan kantoci biyu, suka ninka zanen a kai ya sauko har ƙasa. Wanda duk ya shigo sai ya rage murya.

Lahadi Gwaggo ta zo, ta tsaya gabansa ta riƙe haɓa. "Kai, wannan zane..."

Cokali ya faɗi daga hannun Kelepi. Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Kwantar da hankalinka, matsoraci! Yabon uwata nake."

Yara, ku riƙe wannan. Wanda ya yi ta miƙo hannu, ku je ku ga inda yake kwana kafin ku yanke masa hukunci. Miji kuma kada kunyar dangi ta sa ya ɓoye wa matarsa gaskiya, don saura ƙiris Kelepi ya rasa tasa. Heilala ta ba da labule da fitila da madubi tana kuka, aka mayar mata da abin da babu kantin da ke sayar da shi.